Yadda ake hawan gajeriyar hanyar dutse karon farko a Kalimnos

Kalimnos ƙaramin tsibiri ne a ƙasar Girka, galibi daga tsibirin Kos da ke kusa ake shiga jirgin ruwa a iso shi. A da, da sana'ar nutso cikin teku a ciro soso aka san mutanensa. A 1996 wani mahayin dutse ɗan Italiya, Andrea Di Bari, ya zo hutu, ya ga katangun farin dutse da suka yi wa tsibirin rumfa, da shekara ta zagayo ya dawo ya fara kafa ƙusoshi. Yau hanyoyin hawa sun kai dubbai, kuma akwai masu sauƙi da yawa. A irin wannan hawan, ƙusoshin ƙarfe na nan a jikin dutse tun daga ƙasa har sama, da zobba a ƙarshen hanya.

Fara da zaɓen hanya. A can da ma'aunin Faransa ake auna wahala, sabon shiga kuwa ya tsaya a matakai masu sauƙi, tsakanin 4a da 5a. Nemi wadda ba ta wuce mita 15 zuwa 20 ba, a dutsen da ya ɗan kwanta, ba wanda ya sunkuyo kanka ba. Sashen Kasteli yana da irinsu, kuma galibi za ka tarar an rubuta sunan hanya a gindinta.

Sai rana. Katangun da ke saman ƙauyen Masuri yawancinsu yamma suke kallo, saboda haka da safe suna cikin inuwa, da rana ta yi tsaka sai ta sauko musu. A watan Afrilu ko Oktoba ɗumin nan yana da daɗi. Da bazara kuwa dutsen kan yi zafi, tafin hannu ya jiƙe da gumi, ƙafa ta kumbura cikin matsattsen takalmi. Ka yi sammako, ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake zato.

Kaya ba su da yawa, wasu ma ana ba da hayarsu a shagunan Masuri: ɗamarar da ke kama ƙugu da cinyoyi, takalmin hawa, jakar alli, igiya mai mita 70 ko 80, na'urar riƙon igiya irin su Grigri, da hular kwano. Hular nan kada ka raina ta. Awaki na yawo a saman duwatsun tsibirin, suna turo tsakuwa ƙasa.

Hawanka na farko kada ya zama kai ne a gaba. Ƙwararren abokin hawa ko malami shi zai fara hawa, ya ratsa igiya ta ƙugiyoyin ƙarfe da zai maƙala a can sama, ya sauko ya riƙe maka ita daga ƙasa. Daga nan igiya na saman kanka koyaushe, in ka zame ba za ka yi nisa ba.

Yanzu ga inda nake so ka fi natsuwa, wato ƙulli. Ana yin ƙulli mai siffar 8 a igiya, a zura bakinta ta madaukai biyu na gaban ɗamara, na ƙasa da na sama, sannan a bi sawun ƙullin da ita har ta fito. Ka bar jela mai tsawon tafin hannu ko fiye. Kada ka yi hira kana cikin ƙullawa, wanda aka katse shi a tsakiya yakan ɗauka ya gama alhali bai gama ba. Kafin ƙafarka ta bar ƙasa, ku duba juna da hannu, ba da ido kawai ba. Shi ya ja ƙullinka, ya taɓa maɗaurin ɗamararka. Kai ka duba igiya ta shiga na'ura ta fuskar da ta dace, ƙugiyarsa a kulle take, kuma an ƙulle ɗaya bakin igiyar don kada ya suɓuce ta cikin na'ura lokacin saukarwa. Ko sau goma za ku hau a yini, sau goma za ku yi wannan. Ku kuma tsayar da kalmomin kira tun a ƙasa: "na tashi", "riƙe", "saukar da ni". In akwai wasu a kusa, ka haɗa da sunan abokinka.

Da ka hau kamar mita uku, tsaya ka ce "riƙe", ka saki hannu ka zauna a ɗamara. Jikinka na buƙatar ya ji da kansa cewa igiya na ɗaukarsa, in ba haka ba tsoro zai sa ka danƙe dutse har damatsanka su ƙage.

Ci gaba da hawa da ƙafa. Sabon shiga yakan ɗaga kai yana laluben abin kamawa, ya manta cinya ta fi hannu ƙarfi nesa ba kusa ba. Dubi inda za ka taka, ɗora kan babban yatsa, kada ka ɗauke ido sai ya zauna. Taku ƙanana sun fi dogon miƙa. In za ka huta, miƙe hannu sosai, ka sake ɗayan ka girgiza shi, ka shafa alli. Yatsa kuwa kada ya shiga ramin ƙusa ko da wasa, in ka zame yana ciki zai iya karyewa.

A sama kada ka kwance komai, kada ka haura zobban. Ce "riƙe", jira sai ka ji igiya ta ja ka, sannan ka zauna, ka ce a saukar da kai. Buɗe ƙafafu, tafinsu a jikin dutse, ka riƙa takawa baya a hankali yayin da abokinka yake sassauta igiya. Da kun gama, shi zai hau ya kwaso ƙugiyoyinsa. Kafin a janye igiya daga sama a kwance duk ƙullin da ke jikinta, a ɗaga murya a sanar da na kusa, sannan a ja.