Yadda ake suyar ragowar dankali da kabeji irin ta Turawan Ingila, da haɗa gahawa a gida

Mutanen Ingila suna da al'adar yin babban girki ranar Lahadi, su gasa nama su haɗa da dankalin turawa, kabeji, karas da sauransu, to abin da ya rage ba sa zubarwa, washegari Litinin sai su dagargaza shi su soya a kasko ya zama abinci na daban, shi ne suke kira bubble and squeak. Haka ma ranar 26 ga Disamba bayan cin Kirsimeti, gidaje da yawa shi ake ci. Kusan dai ɗumamensu ke nan. A da can da yankakken naman sa da kabeji ake yinsa, daga baya dankali ya ƙwace wurin naman, musamman lokacin yaƙin duniya na biyu da gwamnati ta fara ƙayyade rabon abinci a 1940, nama ya yi wuya amma dankali na nan. Ni abin da ya sa nake son girkin nan shi ne duk kayan haɗinsa muna da su a kasuwa, ga dankalin Jos ga kabeji, kuma abin da yara suka ture jiya shi za su yi rububinsa yau in dai an soya shi yadda ya kamata.

Uwargida abin da za ki tanada: dafaffen dankali kamar rabin kilo, dafaffen kabeji kamar giram 250, albasa ɗaya, gishiri, masoro, sai maiƙo. In akwai ragowar karas ko koren wake ki zuba, ba doka ba ce. Maganar maiƙo kuwa, asali da kitsen da ya tsiyaye daga gasasshen naman sa suke soyawa kuma gaskiya ya fi daɗi nesa ba kusa ba, in babu ki haɗa bota cokali biyu da man gyaɗa cokali ɗaya, saboda bota ita kaɗai saurin ƙonewa take. Wasunsu suna sa naman alade a ciki, ke ba ruwanki da shi, girkin ya cika ba tare da shi ba.

Babban sirrin, wanda in kika kuskure shi sai dai ki ci fate, shi ne dankalin ya zama mai sanyi kuma a bushe. Shi ya sa wanda ya kwana ya fi. Amma ki kula, ragowar abinci ana so ya shiga firij kafin awa biyu da saukewa, a cinye shi cikin kwana biyu, to in kin san wuta ba ta tsayawa a unguwarku ga kuma zafi, kar ki ɗauko wanda ya kwana a waje. Gara ki dafa sabo, ki tsane ruwan tas, ki baza a tire ya sha iska har tururin ya fita ya huce gaba ɗaya. Kabejin ma haka, minti 4 zuwa 5 a tafasasshen ruwa ya isa, ki tsane, in ya huce ki matse shi da hannu sosai, za ki sha mamakin ruwan da zai fito.

Ki farfasa dankalin da cokali mai yatsu ko muciya amma kar ki tuƙa shi ya yi laushi luɓus, ki bar 'yan gudaji a ciki. Ki yanka kabejin ƙanana. Sai ki ɗora kasko mai kauri, ki zuba rabin man, ki soya albasa a wuta kaɗan kaɗan har ta yi laushi ta fara ja, ki juye ta cikin dankalin ki zuba kabeji, gishiri da masoro ki cakuɗa. Ki ɗanɗana tun yanzu, don in ya shiga kasko gyara ya wuce. Mai son yaji ta jefa ɗan attaruhu, Bature dai ba ya sa wa amma ba ya ɓata komai.

Yanzu ki mayar da kaskon kan matsakaiciyar wuta da sauran man, in ya yi zafi ki juye haɗin duka ki danna shi da bayan cokali ya bazu ya cika kaskon, kaurinsa kar ya wuce yatsu biyu. Daga nan don Allah ki cire hannunki. Nan ne mafi yawan mutane suke ɓata shi, suna jin yana cuwwa yana ƙara sai hankalinsu ya tashi su hau juyawa, alhali wannan ƙarar ruwa ne yake fita, kuma sai ruwan ya fita ƙasan zai kama ya yi ƙanzo, ƙanzon nan kuwa shi ne daɗin abincin baki ɗaya. Ki ba shi minti 8 zuwa 10, ki ɗaga gefe ki leƙa, in kin ga ya yi ja sosai har yana neman yin duhu to ya yi.

Wajen juyawa hanya biyu ce. Ko ki kifa faranti a kan kaskon ki juye shi dunƙule guda, ki ƙara ɗan mai sannan ki zame shi ya koma ɗaya gefen ya soyu. Ko kuma ki kankaro ƙanzon ki cakuɗa shi cikin haɗin, ki sake dannawa ki bari ya sake kamawa, ki yi haka sau biyu ko uku. Ni ta biyun na fi so, domin ko'ina kika ɗiba sai kin ci karo da ƙanzo har a tsakiya, kuma ba fargabar ya fashe. In kaskonki mai kamu ne sosai, ki mulmula haɗin ƙanana ki ɗan latse su ki barbaɗa fulawa ki soya minti 4 kowane gefe. Ana ci da soyayyen ƙwai a sama, wanda gwaiduwarsa ba ta daskare ba, ko da yankan naman jiya.

Sai gahawa. Kowa da shayi ya san Ingila, amma tun 1652 aka buɗe gidan shan gahawa na farko a Landan, kuma yau gidajensu da yawa akwai wani ɗan tulun gilashi mai murfi da rariyar ƙarfe da ake dannawa ƙasa, kafetiye suke ce masa. Ba garin gwangwani da ke narkewa a ruwa nake nufi ba, gasassun 'ya'yan gahawa za ki nema, na Habasha ko na Kenya, in kin dace da na tsaunin Mambila ma madalla. Ki niƙa daidai wanda za ki sha a lokacin, don da an niƙa ƙamshin ya fara gudu. Ba injin? Ɗan turmi ya isa, amma wanda bai taɓa ganin tafarnuwa ko daddawa ba. Dakan ya zama tsaki tsaki, in ya yi gari lukui zai bi ta rariya kuma ya yi ɗaci.

Awon da aka saba shi ne giram 60 a lita ɗaya ta ruwa, wato kofi ɗaya mai cin mililita 250 giram 15 ke nan, kamar babban cokali biyu a tule. Ki ɗauraye tulun da ruwan zafi tukuna, ki zuba garin. Ruwa in ya tafasa ki sauke ki bari kamar rabin minti zuwa minti ɗaya ya sauko wajen digiri 90 zuwa 96, sannan ki zuba kaɗan ya jiƙa garin, za ki ga yana kumfa yana tasowa, alamar sabo ne, bayan daƙiƙa 30 ki ƙarasa zuba sauran ki motsa sau ɗaya ki rufe. Minti 4 cif, sai ki danna rariyar a hankali, in kin ji tana turjiya to niƙan ya yi laushi da yawa, kar ki danna da ƙarfi ruwan zafi ya fallatso miki. In ba ki da tulun, ki jiƙa a buta daidai wannan lokacin ki tace da farin ƙyalle mai tsabta.

Da kin danna ki tsiyaye duka cikin kofuna ko filas, kar ki bar shi zaune kan tsakin don ci gaba zai yi da jiƙa ya koma ɗaci. In kin kurɓa kin ji tsami tsami ba ƙarfi, gobe ki ƙara laushin daka kaɗan ko ki ƙara minti ɗaya, in ɗaci ya yi yawa ki rage. Dabarar lokaci kuma, ki ɗora ruwan gahawar daidai sanda kika juya dankalin gefe na biyu, tare za su sauka da zafinsu. Masu juna biyu da masu hawan jini su tambayi likita nawa ya kamata su sha, yara kuma a haɗa musu shayinsu da madara.