Kafin ka sa wa Hilux ɗinka sipesa, duba waɗannan

Jama'a masu Hilux da Navara da L200, musamman masu bin hanyar Marwa zuwa Kuseri ko masu shiga ƙauyuka da damina ana tsallaka mayo, wato rafi, na san da yawa kuna so a ɗaga muku mota ta daina gugar ƙasa. Sipesa, wato wani abu mai kauri da ake cusawa a ƙafar mota don ta tashi, wanda wasu makanikai ke cewa kal, shi ne hanya mafi arha, amma fa tsayi kawai yake ƙarawa, ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukan kaya ko kaɗan. In bayan motarka ya zauna ne saboda buhunan albasa da kake lodawa kullum to lam ɗinka ne, wato sifirin mai ganye na baya, suka gaji, ka canja su ko a ƙara maka ganye ɗaya, kar ka ɓata sefa wajen sipesa.

Da farko ka leƙa ƙarƙashin gaban motar ka ga irin ƙafar da take da ita. Hilux daga 2005 zuwa yanzu sifirin ne naɗe a jikin amotisa, wato shokozoba, sipesa yana zama a samansa. Ta kafin nan mai sandar toshin ce, ita ba wurin sipesa a gaba, ƙulle ake ɗaurewa ta tashi. Land Cruiser 79 kuma gada ce guda a gaba, wato ƙarfe ɗaya mai haɗa tayoyin biyu, nata daban ne. Don haka ka je da shekarar mota da samfurinta, kar mai shago ya ce maka ai duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne wallahi.

Wurin da mutane suka fi faɗawa shi ne kauri. A mota irin Hilux amotisa ba a bakin taya yake ba, a tsakiyar hannun ƙasa yake, shi ya sa sipesa mai kaurin milimita 25 zai iya ɗaga gaba wajen milimita 40 zuwa 50, to kai kuma ka je ka sayi mai kaurin 50 kana tsammanin 50 za ka samu, sai mota ta tashi fiye da kima, kardan, wato sandar da ke juya tayar gaba, ya karkace, robarsa ta riƙa yagewa ƙura da yashi su shiga, rotil na sama, wato mahaɗin da ke tsakanin hannun sama da taya, ya kai ƙarshen juyinsa, kuma a hanya mai ramuka irin ta Mora zuwa Dabanga rotil ya fita kana gudu ba ƙaramin hatsari ba ne, Allah ya kiyaye. Ka tambayi mai sayarwa a fili, lambar nan kaurin sipesa ce ko tashin da mota za ta yi? Ni dai a ganina kar tashin ya wuce santimita 5 in ba za ka canja hannun sama ba.

Na almuniyam ko na ƙarfe ka nema, mai kusoshi masu kyau. Na roba mai arha yana lotsewa.

A baya, in lam a saman gada suke, bulo ake sawa tsakanin lam da gada, dole ya zo da kusoshin U sababbi masu tsayi, kar a maida tsofaffi, kuma kar ka yarda a ɗora bulo kan bulo. A duba tiyon birki da wayar ABS kar su ja in taya ta sauka. In motarka na da bawul ɗin birki a baya mai auna nauyin kaya, a daidaita shi, in ba haka ba birkin baya zai ragu.

Ka sani kuma gadar baya ba ta tashi da sipesa, tana nan inda take, taya mai girma ce kaɗai ke ɗaga ta. Ana gama aiki ka wuce a yi maka paralelis, wato a daidaita tsayuwar tayoyi, in ba so kake tayoyi su cinye gefe guda ba, a sauke fitilu kar ka riƙa kashe wa masu zuwa ido, ka rage gudu a kwana tunda mota ta ƙara tsayi balle in akwai kaya da mutane a sama. Bayan tafiyar kamar kilomita 500 ka koma garaji a sake ɗaure kusoshin U ɗin nan, suna sakewa.