Yadda na gyara tsaitsayawar wasa daga saitin goge gefuna

Wasan tseren motar da nake bugawa ya riƙa tsaitsayawa, hoto 28 kacal a daƙiƙa, alhali katin hoton kwamfutata ba tsoho ba ne. Na rage inuwa, na rage haske, shiru. Ashe ɓarawon yana cikin saitin goge gefuna, wanda ke hana layin da ya karkata fitowa kamar haƙoran zarto.

A cikin zaɓuɓɓukan saitin nan, SSAA 4x na kunna, don babbar lamba ta burge ni. Shi kuwa yakan zana hoton da ninki huɗu na ɗigon allo, sannan ya matse shi. A allo mai 1920 da 1080, ɗigo sama da miliyan 8 ke nan maimakon miliyan 2, a kowane hoto guda!

Na koma wani zaɓin, FXAA. Gudu ya dawo, sai dai komai ya yi dishi-dishi, don shafe hoton kawai yake yi bayan an gama zana shi. Zaɓin TAA kuma, mai haɗa hoton yanzu da waɗanda suka gabata, ya bar wata inuwa kamar fatalwa tana bin motoci. A MSAA 2x na tsaya, tunda gefen abubuwa kaɗai yake wa aiki. Ganyen bishiyoyi na ɗan ƙyalƙyali har yanzu, amma ina samun hoto 60 daram a daƙiƙa.