Yadda ake gano wace ƙwayar gado ce a kunne a kowane irin sel na ƙwaƙwalwa

Kafin ka taɓa kwamfuta ka riƙe abu ɗaya: DNA ɗin da ke cikin niyuron (sel ɗin jijiya mai kai saƙo) shi ne dai a cikin astirosayit (sel mai tallafa wa niyuron) da maikurogiliya (sel mai tsaron ƙwaƙwalwa daga cuta), ƙwayoyin gado masu haɗa furotin wajen 20,000 kowannensu yana da su cif. Inda suka bambanta shi ne wacce aka kunna, wacce aka rufe. To aikinka ke nan, ka gano wa ya kunna me, kuma da wane makunni, wato yankin DNA da ke sa ƙwayar gadon ta kunnu.

Ni dai shawarata ka fara da ɓera, kuma ba sai kana da lab ba. Cibiyar Allen da ke Siyatul a Amurka ta fitar da taswirar ƙwaƙwalwar ɓera gabaɗaya a ƙarshen 2023, sun kasa sel zuwa rukuni sama da 5,000, bayanan kuma suna nan a intanet kyauta. Kar ka ce sai ka sauke duka, wallahi kwamfutarka za ta tsaya cak. Ɗauki yanki guda, misali ɓawon ƙwaƙwalwa, ka buɗe da manhajar Seurat in ka iya yaren kwamfuta na R, ko Scanpy in yaren Python ka fi sabawa da shi.

In kuma da hannunka za ka shirya samfur, cibiyar sel, wato ƙullin da ke cikinsa mai ɗauke da DNA, za ka ciro, ba sel ɗin gabaɗaya ba. Niyuron yana da dogayen rassa da suka sarƙe da na maƙwabta, in ka ce sai ka raba su ɗaya-ɗaya yawancinsu yagewa suke yi, sannan zafin da ake narka naman da shi yana tayar da ƙwayoyin gado irinsu Fos, sai ka ɗauka ka gano wani sabon abu alhali wahalar da ka ba sel ɗin ce kake karantawa. Cibiya kuwa ko naman a daskare yake za ta fito.

Sai tacewa, nan ne mutane suke gaggawa su yi kwaɓa. Na'urar da ake aikin da ita tana kulle kowace cibiya cikin ɗigo guda don a karanta RNA ɗinta, wato kwafin ƙwayoyin gadon da ke a kunne, amma wani lokaci biyu ne suke faɗawa tare. In ka ga sel ɗaya yana nuna alamar niyuron da ta maikurogiliya a lokaci guda, kar ka yi murna, biyu ne suka manne, cire shi. Haka ma wanda RNA ɗinsa ya yi kaɗan sosai.

Bayan manhaja ta tara masu kama da juna, kai ne za ka raɗa musu suna, da alamomi, wato ƙwayoyin gadon da aka san kowane irin sel da su. Slc17a7 na niyuron masu zuga na gaba ne, Gad1 da Gad2 na masu taka birki, su ma a cikinsu akwai ’yan Pvalb da ’yan Sst da ’yan Vip. Aqp4 astirosayit, Plp1 da Mbp na masu naɗe jijiya da rigar kitsen da ake kira mayelin, P2ry12 maikurogiliya. Kar ka dogara da alama guda. Hoton UMAP ɗin nan mai launi-launi da manhaja ke zanawa don nuna sel gungu-gungu kuma yana da kyau a ido, amma tazarar da ka gani tsakanin gungu biyu ba awo ba ce.

Duk wannan RNA ne fa, ya gaya maka abin da aka kunna, bai gaya maka dalili ba. Dalilin yana wajen yadda aka naɗe DNA, zare ne mai tsawon kusan mita 2 a cikin cibiya ɗaya, an nannaɗe shi a kan furotin da ake kira histon, wurin da aka ɗaure tam ba ya karantuwa. Dabarar ATAC-seq, wadda ta fito daga jami'ar Stanford a 2013, tana amfani da sinadarin Tn5 da ke yanka inda yake a buɗe kawai. Sai ka jera wuraren da suka buɗe a kowane rukuni, ka nemi gajeren jerin harufan da ke ta maimaituwa a cikinsu, shi ne sawun furotin ɗin da ke kunnawa. A masu mayelin za ka ga sawun Sox10, a maikurogiliya na PU.1. In ba ka gan su ba, ka koma ka duba tacewarka.

Wani tarko kuma, wurin da ya buɗe ba lallai ƙwayar gadon da ke kusa da shi yake sarrafawa ba, yana iya kasancewa nesa da harafi dubu ɗaruruwa, zaren ne yake lanƙwasowa su haɗu. Don haka ka duba ko buɗewar wurin tana tafiya tare da tashin RNA ɗin ƙwayar a rukuni-rukuni, in kuma akwai hali a toshe wurin da CRISPR, dabarar da ake taɓa wurin da ake so a DNA da ita, a ga ko ta yi shiru.

In cuta kake bi, ɗora wuraren DNA da aka danganta da ita a kan taswirar kowane rukuni daban. Da aka yi haka da cutar mantuwa ta Alzaima, da yawa daga cikinsu a makunnan maikurogiliya suka faɗo, ba na niyuron ba.