Kafin ka kai kuɗinka Circle ka sayi katin girafik

Ɗan yayata ya shigo ɗan shagona na gyaran kwamfuta a Nima, cikin Accra, da kwali a hammata, bakinsa har kunne. Ya tara kuɗi wata da watanni ya sayo katin girafik, wato na'urar da ke zana hoton wasa a allo, RX 580 mai gig 8, wai in ɗaura masa ya buga wasan ƙwallo na EA FC da GTA V. Na ce, "To yaro, ina kwamfutar?" Ya ɗauko irin siririyar nan ta ofis da ake shigowa da ita ta hannu daga Turai. Katin ya fi akwatin faɗi, murfi ba zai rufu ba. Wayar wuta mai ƙafa 8 da katin yake nema kuma babu ita sam. Ya ce, "Kawu, amma gig 8 ne fa." Wannan magana ta gig ita ta fi cinye wa yaranmu kuɗi.

Saboda haka kada ka fara da kasuwa. Fara da buɗe murfin kwamfutarka. Nemi fawa, akwatin ƙarfen nan da ke raba wa kayan ciki wuta, ka karanta takardar jikinsa ka ga wat nawa yake bayarwa. Siraran kwamfutocin ofis da yawa ba su wuce wat 180 zuwa 240 ba, alhali RX 580 shi kaɗai yana jan kusan 185. Duba ko akwai waya mai ƙafa 6 ko 8 da take reto babu inda aka jona ta. Sa awo ka auna tsawon wurin da katin zai zauna. Idan kwamfutar siririya ce kuma ba ka da halin canza ta, abin da ya rage maka shi ne gajeren kati irin GTX 1650 mai wat 75, wanda wutar madabod, babban faifan da ake jona kayan ciki a kansa, ta ishe shi. Ƙwallo a matsakaicin saiti zai buga maka, kada ka nemi fiye da haka a wurinsa.

Sai monita. Yawancin waɗanda nake gani a gidaje daga Nima har Mamobi 1080p ne, wato matsakaicin kaifin hoto, masu nuna hoto 60 a daƙiƙa. Ko katin ya zana 200, monitan 60 zai nuna maka. Wanda ya ɗaura kati mai tsada a irin wannan monita kamar wanda ya sayi motar tsere ne ya shiga cunkoson Kaneshie da yamma.

Yanzu mu zo kan katunan da ake jayayya a kansu. Gig ɗin nan ma'ajiya ce da katin yake zuba hotunan wasa, ba ita ce ƙarfinsa ba. RX 580 na 2017 da RX 6600 na 2021 duk gig 8 gare su, amma na biyun ya bar na farkon nesa a gudu, kuma wat 132 kawai yake ja. A wurina, mai 1080p da aljihunsa bai cika ba, RX 6600 na AMD ya fi dacewa da shi. Na ɗaura shi sau da yawa, ban ji kuka ba.

Gardamar da ta fi zafi a shagona ita ce tsakanin RTX 3060 da RTX 4060, duka na Nvidia. Na farkon ya fito a 2021 da gig 12, yana jan wat 170. Na biyun ya fito a 2023 da gig 8, yana jan 115, kuma ya ɗan fi yayansa gudu a yawancin wasanni. Mai gidan wasan kwamfuta, 4060 nake ce masa ya saya ba tare da dogon tunani ba, saboda mitar wuta. Bambancin wat 55 ne; awa 10 a rana na wata guda ya kai yunit 16 da rabi a kwamfuta ɗaya, in shida gare ka kusan yunit 100 ke nan, ban da zafin da fanka za ta yi ta fama da shi a watan Maris. Wanda kuma yake haɗa wasa da gyaran bidiyon biki da suna, ko yana son sababbin wasanni masu cin ma'ajiya, gig 12 ɗin 3060 za su yi masa rana. Sai dai a kula, akwai 3060 mai gig 8 da aka fitar daga baya, sunansu ɗaya amma bai kai na asalin ba. Irin wannan tarkon ya daɗe: GTX 1060 mai gig 3 ma ba daidai yake da mai gig 6 ba, haka RX 580 da aka rubuta wa 2048SP, wanda a gaskiya ɗan'uwan RX 570 ne.

Intel ma sun shigo da Arc B580 a ƙarshen 2024, gig 12 a kan dala 249. A takarda abin sha'awa ne, amma yana buƙatar madabod mai wani saiti da ake kira Resizable BAR kafin ya sake jiki, tsofaffin kwamfutocinmu kuwa da yawa ba su da shi.

Mafi yawanmu na hannu za mu saya, ko a Tip Toe Lane da ke Circle ko wurin wani da aka gani a shafin saye da sayarwa na Jiji, kuma nan ne aikin yake. A Satumban 2022 Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen intanet, ta daina amfani da katin girafik wajen haƙar kuɗi, sai masu haƙar suka zubo katunansu kasuwa. Wasu sun yi shekaru suna aiki dare da rana. Ba duka ne suka lalace ba, amma ido ba ya rabe maka su. Tafi da filas mai manhajojin gwaji GPU-Z da FurMark a ciki. Ka ce a ɗaura katin a gabanka. GPU-Z zai faɗa maka ainihin sunansa da girman ma'ajiyarsa, har yakan tona wasu na jabu da aka canza wa suna. Saki FurMark, wadda ke sa kati aiki iya ƙarfinsa, minti 15 kana kallon zafi da fankoki. In ka ga ɗige-ɗige masu launi ko layuka a allo, ko hoto ya ɗauke, ko zafi ya haura digiri 85 yana ci gaba da hawa, ajiye ka yi sallama. Gwada kowane ramin HDMI da DisplayPort. Mai kaya da ya ce babu wuta, ka tura MoMo ka je gida ka gwada, ka ce masa sai an kawo wuta ka dawo.

Daga kuɗin da ka ware, cire na fawa mai kyau kafin ka san nawa ya rage wa kati. Ni na taɓa rasa kati sukutum ranar da aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, saboda na yi rowar fawa. Tun daga nan ba na haɗa wa kowa kwamfuta ban yi masa maganar UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ba. Lokacin hunturu kuma a riƙa buɗewa ana hure ƙura, don ita ke toshe fanka.

Shi ɗan yayar tawa, mun samu wani mai babban akwati ya karɓi RX 580 ɗin bayan mun gwada masa. Muka cika kuɗi kaɗan muka ɗauko gajeren GTX 1650. Murfi ya rufu, ƙwallo tana tafiya, yanzu kuma ya fara tara kuɗin akwati da fawa mai wat 550.