Kar ka yi saurin buɗe ƙamus

Salam 'yan uwa na Jidda da Makka masu koyon Turanci.
In ka ci karo da baƙuwar kalma kar ka ruga ƙamus, karanta jimlar har ƙarshe tukuna.
Misali saƙo ya shigo wayarka, your flight is delayed, new time 9 pm, alhali tikitinka ƙarfe 6 ne, to ai ka gane delayed jinkiri ne ba sai an faɗa maka ba. Abin da ka gano da kanka wallahi ya fi zama a ka.
Allunan tashar jirgin ƙasa na Haramain ma, fara cankar Turancin kafin ka leƙa Larabcin.
Amma fa banda kwantiragin aiki da takardar asibiti, nan kam tambayi wanda ya sani. In kuma rabin layin duk baƙin kalmomi ne, buɗe ƙamus kawai.