Darasi na Tara: Mai Jego da Ciwon Damuwa

A gidan da aka yi haihuwa, idon kowa yana kan jariri. 'Yan barka su shigo su karɓe shi, su ce Allah ya raya, Allah ya ba uwa lafiyar shayarwa. A ɗora ruwan wanka, a dama kunu, a shiga shirin suna. Ita kuwa uwar, abin da ake tambayarta bai wuce ko ruwan nono ya zo, ko jini ya tsaya ba. Da wuya a sami wanda zai zauna kusa da ita ya ce, "Ke fa, yaya zuciyarki?" A kan wannan tambaya darasinmu na yau zai tsaya.

Karatu

Ku karanta wannan hira a bayyane, mutum biyu-biyu. Wata mai jego ce ta cika kwana 40 da haihuwa, yayarta ta zo duba ta.

"Sannu da jego. Ya jikin?"

"Da sauƙi, Yaya."

"Na ga kunun nan tun na safe ne, ko taɓawa ba ki yi ba."

"Ba ya min daɗi. Komai ma ba ya min daɗi."

"Barci fa?"

"Ko yaron ya yi barci, ni idona biyu har kiran assalatu. Sai tunani."

"Tunanin me?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye ya zubo.

"Yaya, don Allah kada Inna ta ji. In yana kuka, ji nake kamar in toshe kunnena in fice. Ina kallonsa, amma ba na jin abin nan da ake cewa uwa tana ji. Anya ni uwar kirki ce kuwa?"

"Tun yaushe kike jin haka?"

"Tun bayan suna. Kullum ƙaruwa yake yi."

"Kin taɓa jin kamar ki cutar da kanki, ko ki cutar da shi?"

"Shi kam a'a, wallahi. Amma ni, wani lokaci in zan kwanta nakan ce da ma kada in farka."

Yayar ta matso ta riƙe hannunta.

"Na ji ki, ƙanwata, kuma na gode da kika faɗa min. Wannan ciwo ne, yana da magani. Yau a nan zan kwana, in riƙe shi ki samu ki runtsa. Zan yi wa maigidanki magana da kaina. Gobe da safe mu tafi asibiti tare, ki faɗa wa malamar abin da kika faɗa min."

Ku lura da abin da yayar ta yi. Ta yi tambaya, ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ta da faɗa ba. Ba ta ce mata "ki gode wa Allah, wasu nema suke yi ba su samu ba." Maganar gaskiya ce, amma a irin wannan lokaci tana rufe bakin marar lafiya, ta ƙara mata jin cewa ita mai laifi ce.

Abubuwa uku da suke kama da juna

Mata da yawa, kwana biyu ko uku bayan haihuwa, sukan sami kansu suna kuka ba dalili, ko saurin fushi, ko fargaba. Sinadaran da suka riƙe ciki wata tara ne suke sauka a jiki farat ɗaya, ga gajiya, ga rashin barci. Wannan yakan wuce da kansa kafin mako biyu. Hutu da lallashi sun ishe shi.

Na biyu shi ne wanda muka gani a hirar nan, ciwon damuwa na bayan haihuwa. Alamarsa ita ce baƙin ciki da mutuwar jiki su wuce mako biyu, kusan kullum, kusan duk yini. Abinci ya fita daga ranta. Barci ya gagara ko da jaririn ya kwanta. Abin da a da yake faranta mata rai, hira ko kwalliya ko sana'arta, duk ya zama ba ya burge ta. Ta riƙa zargin kanta, tana ganin ta kasa. Wata ba za ta ce tana baƙin ciki ba sam, sai dai ta ce kanta yana ciwo, ƙirjinta yana mata nauyi, zuciyarta tana bugawa, jikinta duk ba ƙarfi. Ciwon yana iya farawa tun tana da ciki, yana kuma iya bayyana bayan watanni da haihuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mata 100 da suka haihu, kimanin 13 suna fama da larurar ƙwaƙwalwa, mafi yawa ciwon damuwa. A ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa 20 cikin 100, wato mace 1 cikin 5. Ku ƙirga matan da suka haihu a layinku bana, ku ga abin da wannan lissafi yake nufi.

Na uku ba shi da yawa, yakan sami mace 1 ko 2 cikin 1,000, amma shi ya fi haɗari. Yawanci yana zuwa ba zato, cikin mako biyu na farko. Mai jego ta rikice, ta kwana ba barci kuma ba ta jin gajiya, ta riƙa surutai marasa kan gado, tana jin muryoyin da ba wanda yake ji, ko ta ce yaron ba nata ba ne, ko wani yana shirin kashe shi. A irin wannan hali ba a jira gari ya waye. Kada a bar ta ita kaɗai da jaririn ko na minti ɗaya, a nemi mota a tafi asibiti. Yawancin matan da aka kai da wuri suna warkewa su dawo ɗakinsu.

Abin da ake cewa a gida

In mai jego ta canza, abin da ake fara cewa shi ne iska ta taɓa ta, ko an yi mata sammu, ko bakin mutane ne. Wani lokaci a ɗora wa kishiya, gida ya rikice, alhali ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Wasu kuma su ce shagwaɓa ce, ko raunin imani.

Wannan magana ta raunin imani ita ta fi yi min ciwo, domin tana kai marar lafiya ga yanke ƙauna. Ku tuna Nana Maryamu, wadda Allah ya zaɓa a kan matan duniya. A cikin Suratu Maryam, aya ta 23, da naƙuda ta kai ta ga kututturen dabino, cewa ta yi da ma ta mutu kafin wannan, ta zama abin da aka manta. Ba a tsawata mata ba. An kira ta aka ce kada ta yi baƙin ciki, aka nuna mata ruwa da dabino, aka ce ta ci, ta sha, ta kwantar da hankalinta. Lallashi aka fara yi mata, sannan abinci da abin sha. Wanda yake son taimakon mai jego, ga tsari nan a gabansa.

Addu'a da karatun Alƙur'ani suna sanyaya zuciya, kada a daina. Amma a haɗa da asibiti, kamar yadda ake yi wa mai hawan jini ko mai ciwon suga. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne duka, ko ɗauri da mari, ko turara mata hayaƙi a ɗaki a rufe da sunan korar aljani. Wannan azaba ce a kan ciwo.

Akwai kuma wata al'ada tamu da take ɓoye ciwon. Mace tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya. Saboda haka in yarinya mai haihuwar fari ta kawar da kai daga jaririnta, sai a ce kunya ce, har a yaba mata. A duba da kyau. Mai kunya in ɗaki ya zama ba kowa takan rungume ɗanta, ta yi masa murmushi. Mai ciwon damuwa ko ita kaɗai ce fuskarta ba ta sakewa.

Wa ya fi kamuwa?

Kowace mace na iya kamuwa, mai kuɗi da talaka, mai ilimi da wadda ba ta yi karatu ba. Sai dai sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wadda ta taɓa yin ciwon damuwa a baya, wadda ta sha wuyar naƙuda ko aka yi mata aiki, wadda ɗanta ya zo babu rai ko ya koma, wadda mijinta yake dukanta ko ya yi watsi da ita, wadda babu abinci a gidanta, wadda rikici ya raba da garinsu, yarinya ƙarama da ta haihu nesa da danginta, duk waɗannan a sa musu ido sosai. Haka ma wadda ake yi wa gorin ta sake haifar mace.

Aikin mutanen gida

Al'adar zuwa wankan gida tana da hikima, domin mai jego tana samun mai riƙe mata yaro da mai dafa mata abinci. Matsala takan taso ne bayan arba'in, in ta koma ɗakinta, baƙi sun ɗauke ƙafa, ga girki, ga wanki, ga ɗiban ruwa, ga sauran yara. A nan ne ake buƙatar maigida.

Malam, barcin matarka magani ne. Ka samo wadda za ta riƙe jaririn na wasu sa'o'i, ko ka riƙe shi da kanka bayan ya sha nono, ta samu ta yi barci mai nauyi. Ka tabbatar tana cin abinci mai gina jiki, wake, ƙwai, zogale, kifi ko nama gwargwadon hali. Ka bar ta ta leƙa maƙwabta, ka bar 'yan'uwanta su zo, domin kaɗaici yana ciyar da wannan ciwo gaba. In ka dawo gida ka zauna da ita ko na ɗan lokaci, ka ajiye waya, ka ji ta bakinta. In ta ƙi kusantarka a wannan lokaci kada ka ɗauka ƙiyayya ce. Kuma kuɗin mota da izinin zuwa asibiti a hannunka suke, kada ka sa ta roƙa.

Uwar miji da abokiyar zama su ma suna da rabo a wannan lada. Karɓar girki na kwana biyu, ko yi wa yara wanka, ya fi doguwar nasiha amfani.

Tambayar nan mai nauyi da yayar ta yi, ko tana tunanin cutar da kanta, mutane suna tsoron yin ta, suna ganin kamar za su sa mata tunanin a rai. Likitoci sun tabbatar tambayar ba ta jawo hakan, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ta amsa da e, a kawar da maganin ƙwari, fiya-fiya, shinkafar ɓera, wuƙaƙe da tarin ƙwayoyi daga inda hannunta zai kai, wani ya zauna tare da ita, a tafi asibiti a ranar.

A asibiti

A fara da asibitin da ya fi kusa, inda ta yi awo ko inda ake yi wa yaro rigakafi. Ranar rigakafin mako shida dama ce mai kyau. A faɗa wa ma'aikaciyar lafiya komai ba ɓoye-ɓoye: yaushe abin ya fara, yaya barci, yaya cin abinci, wane tunani yake zuwa mata. Za a iya auna jininta, domin ƙarancin jini ma yana kawo kasala. In kuma akwai kumburin ƙafa, tari da haki, musamman in ta kwanta, a faɗa da sauri. Wannan yana iya zama ciwon zuciya na masu jego, wanda likitoci a Zariya suka daɗe da danganta yawansa da kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi.

Maganin ciwon damuwa iri biyu ne. Akwai zaman tattaunawa da ma'aikacin da aka horar, wanda zai taimaka mata ta warware tunanin da ya ɗaure ta, ta koma harkokinta kaɗan-kaɗan. Ga mata da yawa wannan kaɗai ya isa. In ciwon ya yi nauyi, likita zai rubuta ƙwaya, kuma akwai waɗanda mai shayarwa za ta sha ba tare da ta yaye ɗanta ba. Maganin ba ya aiki rana ɗaya, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin sauƙi, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan an ji daɗi. Kada a daina sai likita ya ce. Kada kuma a je kemis a sayo maganin barci ko tiramadol don a huta da tunani, ƙarshensa ciwo biyu ne a wuri ɗaya.

In abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, za a tura ta gaba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta jihar Sakkwato, da Maiduguri. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen wannan aiki, haka ma babban asibitin Yamai a Nijar. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, mafi yawan masu zuwa ganin likita suke yi su koma gida a ranar. A watan Janairu na 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba masu wannan larura haƙƙin a yi musu magani cikin mutunci.

Aikin aji

Ku amsa da baki: Kwana nawa baƙin ciki zai ɗauka kafin a ce ya wuce na gajiyar haihuwa? Waɗanne alamu ne suke sa a tafi asibiti nan take, ko da dare ne?

Lissafi: In mace 1 cikin 5 tana kamuwa, mata 50 kuma suka haihu a unguwarku, mata nawa ke nan?

Rubutu: Ku kwafi waɗannan kalmomi sau uku-uku a littafinku: jego, damuwa, barci, ƙwaƙwalwa, asibiti. Ku kula da ƙugiyar da ke kan harafin ƙ.

Aikin gida: Kowa ya rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da gidansa, da ranar da ake rigakafin yara a can, da kuɗin mota zuwa da dawowa. In akwai mai jego a gidanku ko a maƙwabta, ku kai mata ziyara kafin darasi na gaba. Bayan kun ga jariri, ku zauna ku tambaye ta barcinta da cin abincinta.